Kwantiragin Turai ko matirikil na gida: wanne ya fi dacewa da sabon dakta?

A hutun da ya wuce wani tsohon ɗalibina ya same ni a gida a Garwa bayan sallar la'asar, yana riƙe da takardu biyu a cikin jakar roba. Ta farko wasiƙa ce daga wata babbar jami'ar bincike a Jamus, an ba shi aikin shekara biyu a ɗakin binciken ƙasar noma. Ta biyun kuwa sanarwa ce ta ɗaukar malamai masu digirin doktora a jami'o'in gwamnati na ƙasarmu Kamaru, aikin da ke ba mutum matirikil, wato lambar ma'aikacin gwamnati da ake biyan albashi da ita. Da muka gaisa na tambaye shi mutanen gida, sai ya ajiye takardun a kan tabarma ya ce, "Malam, kai ka ɗanɗana duka biyun, ka faɗa mini wadda zan bi." Ban ba shi amsa a zaman nan ba, domin magana ce da za ta juya rayuwarsa da ta iyalinsa. Na yi shekara uku ina aiki a wata jami'ar bincike a Jamus, na dawo na kama koyarwa a ɗaya daga cikin jami'o'inmu na arewa, kuma abin da na tattara masa a makon da ya biyo baya shi ne nake shimfiɗawa a nan, saboda na san daga Ngaundere zuwa Kusiri har Injamena akwai masu irin tambayarsa.

Sai an fara fahimtar abin da ake nufi da jami'ar bincike, domin sunan yana ruɗar mutane. Kowace jami'a tana koyarwa, kowace kuma tana cewa tana bincike, amma wadda ta ci wannan suna ita ce wadda ake auna ma'aikacinta da abin da ya gano ya wallafa, kuma kaso mai tsoka na kuɗin aikinta ta hanyar gasa yake zuwa, wato malami ya rubuta shirin bincike a gwada shi da na wasu, wanda ya yi nasara a ba shi kuɗin 'yan shekaru. A Jamus hukumar DFG ce babbar mai raba irin wannan kuɗi, a Faransa kuwa da yawa daga cikin manyan ɗakunan bincike haɗin gwiwa ne tsakanin jami'a da cibiyar bincike ta ƙasa, CNRS, wadda aka kafa a 1939. Ga sabon dakta, wanda can ake kira posdok, ma'anar wannan ita ce sau da yawa albashinsa yana fitowa ne daga kuɗin wani shiri da farfesa ya ciwo, kuma ranar da shirin ya ƙare, ranar aikinsa ya ƙare.

Abin da kowa yake fara ambata shi ne kayan aiki, kuma ba a yi ƙarya ba, gani ya kori ji. A makona na farko wata ma'aikaciyar labo, dattijuwa wadda ta fi shekara ashirin a wurin, ta zagaya da ni ta nuna mini na'urar da ke auna kabon da naitirojin a cikin ƙasa. Ta koya mini yadda ake niƙa ƙasar ta yi laushi kamar kwalli, a auna ɗan mitsitsi a naɗe shi a cikin ƙaramin kofin kuza, a jera a faranti, a kunna na'ura da yamma, da safe a tarar da sakamako a kwamfuta. Na daɗe a tsaye gaban na'urar nan ina tuna yadda na yi da samfuran doktorana: na haƙo su a filayen karal, wato ƙasar laka mai nauyi, na wajen Marwa, inda ake dasa masakwa, dawar rani, na ɗura su a buhu, na hau mota zuwa Ngaundere, na kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, na miƙa su a wani labo, sannan na jira wata huɗu saboda sinadarin da za a yi aikin da shi ya ƙare. Aikin da ya ci mini rabin shekara, a can aikin dare biyu ne. Idan kwalbar sinadari ta ƙare kuwa, fam ake cikewa a kwamfuta, kafin mako ya zagayo an kawo sabuwa.

Haka zancen karatu da wallafa yake. Duk mujallar da mutum yake so yana buɗe ta daga teburinsa, domin jami'a ta biya. Mu ma a gida ba a bar mu hannu rabbana ba, akwai shirin HINARI da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe a 2002 da AGORA na hukumar FAO da ya biyo baya a 2003, waɗanda suke buɗe wa cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi dubban mujallu, sai dai malamai da yawa ba su ma san inda lambar shiga take ba. Inda tazarar take da faɗi shi ne kuɗin wallafa. Lokacin da mujallar Nature ta fara karɓar kuɗi don a buɗe maƙala kowa ya karanta kyauta, a 2021, farashinta yuro 9,500 ne, wato sama da sefa miliyan shida. Yawancin mujallu ba su kai haka tsada ba, amma ko kashi ɗaya bisa biyar na wannan ya fi ƙarfin aljihun malaminmu, alhali a can ɗakin karatu ko asusun shiri ne yake biya, marubuci bai ma ga takardar kuɗin ba.

A ganina, abin da ya fi na'ura daraja shi ne lokaci da abokan muhawara. Posdok a shirin bincike ba ya ɗaukar nauyin koyarwa mai yawa, wani ma ba ya shiga aji ko kaɗan, saboda haka wuninsa nasa ne. Kowace Talata mukan zauna mu goma sha wani abu, mutum ɗaya ya gabatar da abin da ya samu, sauran su yi masa tambayoyi ba sani ba sabo. Ran da na fara gabatarwa, wata ɗalibar doktora da na girme wa shekara goma ta ce mini a gaban kowa lissafina bai tsaya ba, domin na ɗebi samfura uku a gona ɗaya na ƙirga su kamar gonaki uku ne. Raina ya sosu, don a tarbiyyarmu ƙarami ba ya gyara wa babba a bainar jama'a, amma gaskiya ta faɗa, kuma tun daga ranar ban sake wannan kuskure ba, ɗalibaina ma ba na bari su yi shi. Irin wannan horo shi ne babbar ribar da na dawo da ita.

Yanzu ga ɗaya fuskar, wadda ba a cika faɗa wa mai shirin tafiya ba. A Jamus akwai dokar 2007 da ta ba jami'o'i damar riƙe mai bincike a kan kwantiragi mai wa'adi har shekara shida kafin doktora da shekara shida bayanta. Idan shekarun suka cika bai samu kujerar dindindin ba, ba za a ci gaba da sabunta masa a kan wannan hanya ba, sai dai ya yi ta neman kuɗin shiri daga waje ko ya bar jami'a. Kujerun dindindin kuma kaɗan ne ƙwarai, yawancinsu na farfesoshi. Abin ya ishi 'yan ƙasar kansu har a 2021 dubban masu bincike suka yi ta bayyana kokensu a Twitter ƙarƙashin taken IchBinHanna. To idan ɗan ƙasa mai harshe da dangi da gidan iyaye yana kuka, sai a auna halin baƙo wanda takardar zamansa take ɗaure da kwantiraginsa.

Na san wannan a jikina. Kwantiragina na farko na shekara biyu ne, kuma tun da wata na goma sha huɗu ya kama na daina barci sosai. Da rana ina aikin da aka ɗauke ni dominsa, da dare ina rubuta takardun neman wani aikin. An ƙara mini shekara ɗaya, amma takardar ba ta fito ba sai saura mako uku izinin zamana ya ƙare, kuma a cikin makonnin nan mai gidan haya yana tambayata ko zan sabunta, matata tana tambayata ko ta sa yaro a makarantar can ko ta bari. A ofishinmu akwai wani Bajamushe mai shekara arba'in da ɗaya, gwani ne wanda ni kaina nake koyo a wurinsa, ya yi garuruwa huɗu a cikin shekara goma, daga ƙarshe ya tattara littattafansa ya koma wani kamfanin taki. Faransa ta ɗan bambanta, domin wanda ya ci gasar zama metir-da-kwamferans, wato matakin da ke ƙasa da farfesa, ya zama ma'aikacin gwamnati na dindindin, aikinsa na aji awa 192 ne a shekara, kuma ana ɗaukar baƙo ba sai ɗan ƙasa ba, sai dai masu nema sun ninka guraben sau da yawa. A Amurka kuma, ko wanda ya samu gurbin farfesa sai ya yi kimanin shekara shida ana gwada shi kafin a tabbatar da shi ko a sallame shi.

Akwai kuma tambayar da ban yi wa kaina ba sai da na yi nisa: binciken wa nake yi? Shirin da aka ɗauke ni a cikinsa farfesa ne ya tsara shi, masu ba da kuɗi suka amince da shi, kuma abin da ya dame su shi ne yawan kabon da ƙasar Sahel take iya riƙewa. Tambaya ce mai kyau, amma abin da manomin Diyamare, yankin Marwa, yake so ya sani shi ne dalilin da karal ɗinsa yake bushewa ya zama fako, da yadda zai yi da wuta-wuta a gonar dawarsa. Da na kawo wannan magana, an saurare ni cikin mutunci, aka ce ba ta cikin abin da aka ba da kuɗi dominsa. Ni ne na san ƙauyukan, ni ne nake jin Fulatanci da Hausa, ni ne lawanai suke buɗe wa ƙofa, amma sunan da ke ƙarshen maƙala, wanda a fanninmu yake nuna mai aikin, na farfesa ne. Ba zalunci aka yi mini ba, haka tsarin yake ga kowane posdok, sai dai ya kamata mai tafiya ya san wannan tun kafin ya sa hannu.

Zancen albashi shi ne yake ruɗar dangi, domin da an ji adadi sai a buga shi da 655.957, farashin yuro a sefa, a ga miliyoyi. Gaskiya ne posdok a Jamus, wanda galibi ake biya a matakin albashi na E13, yana karɓar abin da ya ninka na sabon malaminmu sau da yawa, kuma ranar biya ba ta motsi. Amma kafin kuɗin ya shigo hannu an cire haraji da inshorar lafiya da fansho, sannan haya ta cinye mini kusan kashi ɗaya bisa uku na abin da ya rage, a gida mai ɗaki biyu. Inshorar ba asara ba ce, don lokacin da ɗiyata ta kwanta asibiti kwana biyar ban biya kuɗin magani ko na likita ba, kuma wannan kwanciyar hankali ce da ban taɓa sanin irinta ba. Fansho kuwa sai mutum ya yi shekara biyar yana zubawa kafin ya cancanta, saboda haka mai shekara biyu ko uku abin da zai iya nema shi ne a mayar masa da kasonsa bayan ya bar ƙasar da shekara biyu. Mai kamun kai zai iya tara abin sayen fili da ɗora gini a Garwa ko Marwa, amma ba zai dawo attajiri ba.

Rayuwar iyali ma a saka ta a ma'auni. Dokar haɗa iyali a Jamus da Faransa mace ɗaya ta sani, don haka mai mata biyu ya san da wannan. Matar da ta saba da tsakar gida cike da mutane za ta wuni ita kaɗai a bene na huɗu, ga sanyi, ga rana da ke faɗuwa kafin ƙarfe biyar a watan Disamba. Shekarun da na yi can azumi yana faɗowa a watan Yuni, muna kai awa goma sha takwas ba mu sha ruwa ba, kuma ranar Idi ranar aiki ce sai ka ɗauki hutu. Mahaifiyar abokina ta rasu a Gidar yana can, bai samu jana'iza ba, ko sadakar uku bai riska ba.

Mu dawo gida. Jami'o'inmu na arewa ba su daɗe ba idan aka gwada su da na Turai. Ngaundere, wadda take a Dang, ta zama cikakkiyar jami'a ne a gyaran 1993 da ya raba tsohuwar Jami'ar Yawunde aka samu jami'o'in gwamnati shida. Ta Marwa an kafa ta a 2008, ta Garwa kuma a 2022 tare da ta Bertuwa da ta Ebolowa. Ƙuruciyar nan tana da amfani ga mai neman aiki, domin sassa da yawa suna buƙatar malamai, kuma 'yan arewa masu doktora har yanzu ba su da yawa. Sai dai ƙofar ba kullum take a buɗe ba. A ƙarshen 2018 shugaban ƙasa ya ba da umarnin ɗaukar masu doktora 2,000 a cikin shekara uku, 1,000 a 2019, sannan 500 a kowace shekara ta biyun da suka biyo, kuma an sa iyakar shekara 45. Waɗanda shekarunsu suka haura, da waɗanda sunansu bai fito ba, wasunsu har zaman dirshan suka yi a Yawunde. Wanda ya bar irin wannan dama ta wuce yana can yana sabunta kwantiragi, ba shi da tabbacin ranar da za ta sake zagayowa.

Wanda aka ɗauka yana farawa ne a matsayin asistan, kuma shi ma a kan kwantiragi yake har sai ya hau matakin sharje-da-kur, daga nan metir-da-kwamferans, daga nan farfesa. Bambancinsa da kwantiragin Turai shi ne wannan tsani ne mai hawa, wanda ya cika sharuɗɗa zai wuce gaba a wurin da yake, ba sai wata kujera ta faɗi ba. Wahalar farko ita ce jiran matirikil. Ni na yi wata goma sha ɗaya ina shiga aji ban ga sisi ba, dosiyena, wato kundin takarduna, yana yawo daga wannan ofis zuwa wancan a babban birni, na yi tafiya sau uku a kansa, ina sauka wurin wani ɗan'uwa a unguwar Hausawa ta Birikitiri. Abin da na taro a Jamus shi ya riƙe gidana a wannan shekara. Daga baya rapel, wato albashin watannin baya, ya fito a dunƙule, na biya basussuka, amma duk mai shirin shiga ya tanadi abin da zai ci na shekara guda, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Sai aji. Amfi, wato babban ɗakin lacca, na 'yan shekarar farko a wasu sassa yana ɗaukar ɗaruruwan ɗalibai, wasu a zaune kan tagogi, cikinsu har da 'yan Chadi masu yawa da suke tsallako kogin Logon don karatu. A Marwa ko Garwa a watan Afrilu, zafi yana haura digiri 40, idan wuta ta ɗauke makirufo ya mutu, sai malami ya yi awa biyu yana ɗaga murya. Bayan jarrabawa kuma ga takardu ɗari bakwai ko dubu da za a gyara da hannu, ga tarurrukan sashe, ga ɗaliban masta goma da kowannensu yake jiran a karanta masa babi. Binciken malami sai ya koma aikin bayan isha'i da na hutun damina. Wannan, fiye da rashin na'ura, shi ne yake kashe bincike a wurinmu, kuma na ga haziƙai da suka dawo da zafinsu, bayan shekara biyar ba su sake rubuta ko shafi ɗaya ba.

Wutar lantarki ma tana da nata rabon. Yawancin wutar arewa daga madatsar Lagdo da ke kan Binuwai take zuwa, kuma shekarar da ruwa ya yi ƙasa kowa ya san abin da ke biyo baya, ko da yake tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun rage kaifin abin. Na taɓa rasa samfuran wata uku saboda firiza ta narke a ƙarshen mako, na zo Litinin na tarar da ruwa a ƙasa. Tun daga nan na koyi tsara bincike daidai da abin da wurin zai iya ɗauka: ƙasa a shanya ta a inuwa a adana, abin da ke buƙatar sanyi a haɗa kai da masu janareta. Ba kuma a ce arewa fayau take ba. Akwai makarantar ENSAI a Ngaundere mai aiki kan sarrafa amfanin gona, akwai cibiyoyin binciken noma na IRAD a Marwa da Wakwa, akwai LANAVET a Bokle kusa da Garwa mai yin alluran rigakafin dabbobi, akwai kamfanin auduga na Sodecoton mai hulɗa da dubban manoma. Malamin da ya iya zumunci da waɗannan wurare yana samun hanyar aiki.

Abin da gida yake da shi wanda Turai ba za ta iya saya ba shi ne kusanci da abin da ake bincike a kansa. A Jamus sau ɗaya a shekara nake zuwa fili, na mako uku, bayan an sayi tikiti an cike takardu. Yanzu ina hawa babur in je gonar gwaji in dawo kafin azahar, ina ganin ƙasa ɗaya a damina da kaka da rani da bazara, shekara bayan shekara, kuma manomi yana faɗa mini abin da ba zai faɗa wa baƙon mako uku ba. Tambayar da nake bi tawa ce. Ɗaliban da na horar suna aiki a ma'aikatu da ƙungiyoyi daga Mokolo zuwa Tibati, kuma idan masu bincike daga waje suna neman abokin aiki a yankin nan, ni suke nema, da sharuɗɗan da zan iya gindayawa, har da inda sunana da na ɗalibaina za su zauna a maƙala.

Ƙarin girma a Kamaru yana bi ta wani kwamitin jami'o'i na ƙasa ne mai suna CCIU, wanda yake duba dosiyen malami, ya ƙirga maƙalunsa da ɗaliban da ya duba da shekarunsa a mataki. Wannan yana nufin ana neman wallafa daga mutumin da ba a ba shi lokacin yinta ba, shi ya sa wasu suke faɗawa hannun mujallun bogi masu karɓar kuɗi su buga komai. Tun 2009 akwai alawus na musamman na bincike da ake biya duk wata uku, kuma yana taimakawa, sai dai ƙungiyar malamai ta SYNES ta sha shiga yajin aiki kan jinkirinsa da kan bashin awoyin ƙari da na duba kundayen ɗalibai. Albashin bai kai na Turai ba ko kusa, amma haya da abinci da sauƙi, mutum yana cikin danginsa, yana da daraja a unguwa. Darajar kuma da nauyinta take zuwa, domin duk wanda aka kwantar a asibiti ko aka koro daga makaranta ƙofar dakta zai fara ƙwanƙwasawa.

Wasu za su ce ga Najeriya kusa, kuma gaskiya ne. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, tana da cibiyar binciken noma ta Samaru da ta daɗe tana fitar da irin dawa da wake da gyaɗa, Jami'ar Bayero ta Kano kuma tana da cibiyar noman yankuna masu ƙarancin ruwa. Bahaushen Garwa ba zai yi baƙunta a can ba. Sai dai aikin da Turanci ake yinsa, baƙo galibi a kan kwantiragi ake ɗaukarsa, yajin aikin ASUU na 2022 ya kai wata takwas, kuma tun da aka saki naira a 2023 albashin ya zube idan aka mayar da shi sefa. Na fi ganin amfaninta a haɗin gwiwa da ziyara. 'Yan'uwanmu na Chadi kuwa, waɗanda babbar jami'arsu ta Injamena ta faro a 1971, ƙarin girmansu ta hannun CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta haɗin gwiwar ƙasashen Afirka mai hedkwata a Wagadugu, yake bi, wanda ke sa matakinsu ya karɓu a ƙasashe da dama, amma sun ga yadda matakan tsuke bakin aljihu na 2016 suka zaftare alawus, don haka lissafinsu na tabbacin gida sai ya haɗa da wannan.

Akwai hanyar da ni ban sani ba lokacin da nake matsayin ɗalibin nan, kuma da na sani da ita na bi. Mutum yana iya kama aikin gida tukuna, sannan ya je jami'ar bincike a matsayin baƙo mai gurbinsa a baya. Gidauniyar Humboldt ta Jamus tana da tallafin Georg Forster domin masu bincike daga ƙasashe masu tasowa, wanda yake ba sabon dakta wata 6 zuwa 24, gogagge kuma wata 6 zuwa 18 da zai iya rabawa zuwa ziyara uku, kuma shirin binciken na mai nema ne, shi yake zaɓen wanda zai sauke shi. Hukumar DAAD ta Jamus ma tana da tallafin gajeriyar ziyara ga malaman jami'a. Gasar tana da zafi, sai da maƙalu masu kyau ake cin ta, kuma dole a fita da izinin jami'a a rubuce, domin wanda ya tafi ba izini za a ɗauke shi ya gudu daga aiki a tsayar da albashinsa. Amma wanda ya samu, ya samu na'urar da lokacin ba tare da fargabar ƙarewar kwantiragi ba.

Duk da haka ba kowa zan ce ya zauna ba. Wanda fanninsa ba ya yiwuwa sai da manyan na'urori, kamar mai binciken ƙwayoyin halitta ko wasu rassan fizis da kimiyyar sinadarai, kuma shekarunsa ba su wuce talatin da ɗaya ko biyu ba, bai tara iyali ba, idan ya dawo yanzu hannunsa zai mutu kafin ya ƙware. Irin wannan ya tafi, ya yi shekara biyu ko huɗu, ya koyi sana'ar har ƙarshenta, ya sa wa kansa ranar dawowa, ya kuma riƙa leƙo sashensa na gida yana duba ɗalibi ɗaya ko biyu don kada a manta da shi. Wanda kuwa bincikensa yake a gona ko garke ko asibitin karkara ko harshe da tarihi, ya haura talatin da biyar, yana da mata da 'ya'ya da iyaye tsofaffi, kuma ga ƙofar ɗauka a buɗe yau, a ganina kuskure ne ya bar ta domin kwantiragin wata ashirin da huɗu.

Ɗalibina shekararsa talatin da shida, 'ya'yansa biyu, mahaifinsa ba ya gani sosai, kuma aikinsa a kan ƙasar karal ne kamar nawa. Da ya dawo ranar Juma'a na ce masa ya haɗa dosiyensa ya miƙa, sannan ya rubuta wa farfesan Jamus ɗin wasiƙa ta girmamawa, ya gode masa, ya faɗa masa gaskiyar dalilinsa, ya kuma tambaye shi ko zai yarda ya sauke shi idan ya nemi tallafin Georg Forster nan da shekara biyu. Ya yi shiru yana juya wasiƙar a hannunsa, sannan ya ce, "Malam, kuɗin fa?" Na ce masa kuɗin gaskiya ne, kuma zai ji rashinsu sosai a shekarar farko, na kuma yi masa alkawarin awoyin koyarwa da gurbi a gonar gwajina kafin matirikil ya fito. Mun zauna muka rubuta wasiƙar tare har aka kira magariba. Bayan kwana tara farfesan ya amsa, ya ce ya yarda, ya kuma roƙe shi ya fara tara masa samfuran ƙasa daga gonaki ashirin idan an fara dashen masakwa a watan Oktoba.